Gaffati: baƙo ba ya tafiya sai da sallama

Wanda ya fito daga birnin Damagaram ya fuskanci gabas maso arewa, da ya wuce manyan duwatsun nan da suka kewaye birnin, ba ya jimawa sai ya shiga ƙasar Gaffati, cikin gundumar Mirya. Ƙasa ce ta rairayi, da gonakin hatsi da wake, da itatuwan gawo masu zubar da ganye da damina su yi kore da rani. Gaffati tana da sarkinta a ƙarƙashin Sarkin Damagaram, kuma a zaɓen ƙananan hukumomi na 2004 ta samu magajin gari. Ran Alhamis sai ka ga amalanke a jere sun nufi kasuwar Dole ta Zinder. Kusancin nan da birni ya sa mutanen wajen suka saba da baƙi: mushen lakwal, ma'aikacin likita, malamin gona, ɗan kasuwa mai sayen wake.

Abin da matafiyi zai lura da shi a nan shi ne, tarbar baƙo ba ta da wuya, ruwa ne da tabarma. Sallamarsa ce ke da ƙa'ida. Wanda ya daɗe a gari ba ya ɗaura kaya da asuba ya sulale. Sai ya fara sanar da maigidansa, shi kuma ya kai shi wajen maigari, daga nan a je fada. Ya bi gida gida, ya biya bashin da ake bin sa ko na dala biyar ne, ya ce: «Ku yafe mini abin da na yi muku, wanda na sani da wanda ban sani ba.» A amsa masa: «Ba ka yi mana komi ba sai alheri, Allah ya yafe mu gaba ɗaya.» Mata su haɗa guzuri, dattawa su yi fatiha, samari su raka shi har bayan gari.

Cikin baƙin da ƙasar Damagaram ta yi wa irin wannan rakiya har da matasan Amurka ƴan sa-kai na ƙungiyar Corps de la Paix. Shugaba Kennedy ya kafa ta a 1961, rukunin farko ya sauka Nijar a 1962, zamanin Diori Hamani. Daga nan zuwa 2011 mutum fiye da 3,000 suka yi aiki a ƙasarmu. A shekarun baya-baya, a garin Hamdallaye kusa da Yamai ake koya musu Hausa ko Zabarmanci, sannan a rarraba su cikin karkara, kowa shekara biyu. Na jihar Zinder suna da gidan sauka a birni, amma zamansu yana ƙauye, cikin ɗakin ƙasa, ba lantarki ba famfo. Mutanen gari kan raɗa musu suna irin namu, kamar yadda Bajamushen nan Barth, wanda ya sauka Zinder a ƙarshen 1852, yake amsa sunan Abdulkarim. Aikinsu ya shafi awon yara, da lambunan rani, da dashen itace, da bankunan cimaka, da karatun ƴaƴa mata.

Shekara biyu ba kwana biyu ba ce. Anasaran da ya zo ba ya iya ko amsa gaisuwa, yanzu ya ci tuwon suna da na biki, ya zauna zaman makoki, ya ga yunwar damina da idonsa. Ranar tafiyarsa har tsofaffi kan share hawaye, gama sabo ake yi wa kuka. Sai dai sallamar ba ta tsaya ga kuka ba. A cikin makonnin nan na ƙarshe ne ake damƙa amana: a gaban maigari da liman ake faɗin wanda zai riƙe makullin bankin cimaka, da wadda za ta riƙe littafin asusun mata, da buhu nawa ya rage, da wanda ya ci bashi bai biya ba. Abin da aka faɗa a bainar jama'a yana da wuyar cinyewa. Inda aka yi haka, aiki kan rayu bayan mai shi. Inda ba a yi ba, damina ɗaya ta isa a tarar da rumbu wayam, kowa na nuna ɗan'uwansa.

Shi ya sa abin da ya faru a watan Janairu na 2011 ya yi ciwo. Ran 7 ga wata ƴan bindiga suka sace Faransawa biyu a wani gidan abinci na Yamai, washegari suka rasa rayukansu wajen iyakar Mali. Cikin ƴan kwanaki aka kwashe ƴan sa-kai 98 da ke ƙasar aka kai su Maroko, ran 17 ga wata kuma aka ba da sanarwar dakatar da shirin. Ba mai ganin laifin hukumar da ta tsare ran mutanenta. Amma zaman kusan shekara 50 ya ƙare cikin gaggawa, a tsakiyar hunturu, lokacin da lambuna ke tsaka da aiki. Mota ta zo, an ɗauki jaka, ba lokacin bin gida gida, ba lokacin ƙidayar buhuna. Har yau shirin bai dawo ba.

Jama'a masu karatu, maganar nan ba ta Anasara kaɗai ba ce. Kowace shekara takardar canjin wurin aiki na ɗauke malamai da ma'aikatan lafiya daga garuruwa irin Gaffati, kuma da yawa sukan tafi kamar masu gudun bashi, su bar wanda ya gaje su yana laluben rajista da makulli. Haka ɗan kasuwa kan bar dillalinsa na ƙauye ba tare da an rufe lissafi ba. An ce baƙo raɓa ne, gaskiya ne, amma rijiya da lakwal da asusu na masu gari ne, su za su kwana da su. Duk wanda aka ba shi kwanan tashi, ya ware mako guda domin sallama: ya tara mutane, ya faɗi abin da ya tarar da abin da ya bari, ya miƙa makulli a gaban shaidu, ya nemi gafara. Mutanen Gaffati ba sa neman fiye da haka, kuma ba su cancanci ƙasa da haka ba.