Farfelar da na saya wa ɗan yayata

A bazarar da ta wuce na yi wa ɗan yayata ɓarnar da har yau nake jin nauyinta. Ni mutumin Gwarzo ne, ina koyar da kimiyya a jami'a, ita kuwa yayata aure ya kai ta Kabo. Ɗan nata ya shekara guda yana tara kuɗin gyaran waya har ya sayi injin ƙaramin jirgin sama na hannu, irin wanda ake sarrafawa da rimot. Injin fetur ne mai girman cc 20, ana gauraya masa fetur da baƙin mai kamar ƙaramin janareto. Gangar jirgin da kansa ya haɗa ta. Burinsa jirgin ya yi alkafura, ya miƙe sama sak, ya juyo da ka. Farfela kaɗai ta rage, sai ya ce, "Kawu, kai ne masani, ka zaɓa mini."

Ban tambayi komai ba, ban ɗauki biro ba. Na sa aka kawo mini mafi girma da na samu, mai lamba 18x8, ina ganin babba ai ta fi ja.

Mai karatu zai so ya san ma'anar lambobin nan biyu. Ta farko tsawon farfela ce daga baki zuwa baki, da inci. Ta biyu ita ce nisan da za ta ci gaba a juyi ɗaya da a ce iska ba ta zamewa, kamar yadda kusa mai barima take shiga katako. Direbobi za su gane abin da sauri: ƙaramar lamba ta biyu tamkar giya ta ɗaya ce, ga ƙarfin hawa amma ba gudu, babba kuwa giyar kan titi ce. Idan inji na juyi 8,500 a minti ɗaya, farfela mai inci 6 ba za ta kai jirgi fiye da kimanin kilomita 78 a awa ba, mai inci 8 kuwa za ta kai wajen 104. Jirgin alkafura bai damu da gudu ba. Abin da yake nema shi ne ja mai ƙarfi yayin da yake hawa a hankali, da farfelar da za ta riƙe shi kada ya zubo da gudu in ya juyo ƙasa. Saboda haka masu wannan wasa suke son mai ɗan tsawo da ƙaramar lamba ta biyu. Inji irin nasa 16x6 ko 17x6 ce daidai da shi.

Abin da na manta, alhali ina koyar da irinsa a aji, shi ne nauyin da farfela take ɗora wa inji ba ya ƙaruwa daidai da tsawonta, ninkuwa yake yi. Daga inci 16 zuwa 18 ƙarin inci 2 ne kacal a ido, amma a lissafi kayan da injin zai ɗauka sun ƙaru da kimanin kashi 60 cikin 100, tun ba a sa ƙarin lamba ta biyu ba. Ga kuma zafin Afrilu. Iskar da ta kai digiri 40 ta fi mai digiri 15 sauƙin nauyi da wajen kashi 8 cikin 100, don haka inji yana shaƙar ƙasa da abin da ya saba, sanyaya shi kuma ya fi wuya.

Ran gwaji mun fita bayan gari da hantsi, gonaki fayau, yara sun yi mana zobe. Jirgin ya tashi, amma kukansa ya yi kauri kamar na mota mai hawan tudu da lodi. Da yaron ya ja shi sama don alkafurar farko, injin ya yi zafi ya mutu a tsakiyar hawa. Jirgin ya faɗo da hanci cikin kunyoyi. Bai ce mini uffan ba, ya durƙusa yana tsintar katako. Da daddare mahaifinsa ya ce wasan ya isa haka, a koma kan abin da zai kawo abinci.

Injin bai fashe ba. Muka kai shi wurin wani mai gyaran janareto a Gwarzo, wanda bai wuce firamare ba. Ya ɗaure shi a benci, ya tayar da shi da guntuwar farfelar da muka aro, ya saurara, sannan ya dubi ragowar tawa. Ya ce, "Dakta, ranka ya daɗe, kayan raƙumi ka ɗora wa jaki." Shi ne ya nuna mana yadda ake zura sanda a ramin farfela a ga ko wani ɓangare ya rinjayi ɗaya, domin rinjaye kaɗan yana girgiza jirgi har ya kwance notuna. Ya kuma gargaɗe mu cewa farfelar da ta tsage ba a liƙe ta, jefarwa ake yi, kuma kada kowa ya tsaya a gefenta ko a gabanta idan tana juyi.

Ba mu muka fara cin karo da wannan matsala ba. 'Yan'uwan nan biyu, Wilbur da Orville Wright, da suka tashi jirgi a Amurka a 1903, injinsu dawaki 12 kawai yake da su. Abin da ya taimake su shi ne sun ɗauki farfela a matsayin fiffike mai juyawa, suka yi lissafi, suka sassaƙa tasu da katako. A nan Kano ma, a 2007, Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibi a Jami'ar Bayero, ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin mota ƙirar Honda Civic, duniya ta ji labarinsa. Yara masu irin wannan zuciya suna nan a Kabo da Getso da Garo. Ƙwazo suna da shi. Abin da suke nema a wurinmu shi ne awo da lissafi, kuma nan ne na gaza, domin na amsa tambayar yaro da matsayina, ban amsa ta da ilimina ba. Abokan aikina malamai, idan irin wannan yaro ya zo muku, ku tambaye shi girman injinsa da nauyin jirginsa da abin da yake son jirgin ya yi, kafin ku buɗe baki.

Na je na ba mahaifinsa haƙuri, na faɗa masa laifin nawa ne, na kuma biya kuɗin katako. Ya amince da sharaɗin sai an gama jarrabawa. Yanzu akwai farfela biyu a ɗakin yaron, 16x6 da 17x6, da littafin da yake rubuta juyin injin da kowacce. Jirgin bai koma sama ba tukuna. Da na tambaye shi wacce zai fara ɗaurawa, sai ya ce, "Kawu, bari mu auna tukuna."