In, On da At: Ƙananan Kalmomi Masu Kayar da Manya

Duk Bahaushen da ya taɓa zama koyon Turanci ya san cewa dogayen kalmomi haddace su ake yi a wuce. 'Yan mitsi-mitsin nan uku kuwa, wato in da on da at, su ne ke kayar da ɗalibi a jarrabawar WAEC, su kuma bi shi har ofis bayan ya gama digiri. Na shafe shekaru ina yi wa yaran unguwarmu darasin yamma, kuma babu inda muke daɗewa kamar wannan babi.

Dalili kuwa a fili yake. Mu a Hausa "a" ɗin nan guda ɗaya ta ishe mu: a gida, a Kano, a bango, a mota. In muna son ƙarin bayani sai mu aro sassan jiki, mu ce cikin ɗaki, kan tebur, bakin kogi, bayan gari, gindin bishiya. Shi kuwa Bature tilas ne duk sanda zai ambaci wuri ya zaɓi yadda yake kallonsa. Idan wurin tamkar ɗigo ne a taswira, sai ya ce at. Idan shimfiɗa ce ko layi, sai on. Idan kuwa abu ne da ya kewaye mutum, to in ke nan. Shi ya sa gidan firaministan Birtaniya yake at 10 Downing Street, titin yana in London, birnin kuma yana on the Thames, domin kogi layi ne a idonsa.

Har nan da sauƙi. Rigimar tana farawa ne a tasha. Mutum yana in a car ko in a taxi, amma yana on a bus, on a train, on a plane. Ranar da na fara rubuta wannan a allo, wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, wai a saman bas ɗin suke zama kamar buhun albasa?" Aji ya kwashe da dariya, amma fa tambayarta tana kan hanya. Abin da na gaya musu shi ne, duk abin hawan da za ka iya miƙewa tsaye ka taka a cikinsa, on ake ce masa, haka ma wanda ake ɗarewa kamar keke da doki. Wanda kuwa sai ka sunkuya ka shiga ka zauna, wannan in ne.

Mai karatu zai iya cewa ai ko an yi kuskure za a gane. Ba kullum ba. Wani ɗan ƙanwata ya taɓa tura wa yayansa da ke karatu a Manchester saƙon waya cewa "Baba is in hospital", alhali mahaifin nasu dubiyar maƙwabci ya je. A Turancin Ingila wannan jimla tana nufin an kwantar da mutum, wanda ya je dubiya ko aiki kuwa yana at the hospital ne. Kafin magariba yayan ya kira gida sau uku hankali a tashe, har ya fara tambayar kuɗin tikitin jirgi. Haka in prison yake nufin ɗaurarre, at the prison kuma mai ziyara. Ka ga harafi biyu kacal sun isa su ɓata wa bawan Allah suna.

Su kansu masu harshen ba bakinsu ɗaya ba. Ɗan Ingila yakan ce yara suna wasa in the street, ɗan Amurka ya ce on the street. Saboda haka shawarata ga mai koyo ita ce ya daina neman kalmar Turanci guda da za ta maye masa "a". Ya riƙa haddace kowace tare da abokiyar tafiyarta: in bed, on the wall, at the door, on page 5. Littafin Raymond Murphy mai suna English Grammar in Use, wanda ya fara fitowa a 1985, yana da atisaye masu amfani a kan wannan. Kafin kuma ka tura saƙo game da asibiti ko gidan yari, ɗan'uwa, tsaya ka tambayi kanka abin da ya kai mutumin can. Allah ya sa mu dace.