Digirin Nazarin Afirka Ba Tare da Harshen Afirka Ba

'Yan uwana ɗalibai, akwai wani digiri da ake yi a jami'o'in Amurka da ya daɗe yana ba ni sha'awa, wato nazarin al'adun Afirka da na jikokin 'yan Afirka da ke ƙetare. An buɗe sashe na farko irin wannan a San Faransisko bayan yajin da ɗalibai suka fara a 1968, kuma a 1988 Jami'ar Temple ta soma ba da digirin digirgir a fannin.

Sharuɗɗan digirin farko kusan iri ɗaya ne a ko'ina: kwas na share fage, kwasakwasan tarihi da adabi da zamantakewa, wasu a kan Afirka, wasu a kan Amurka da Karebiyan, sai kundin kammala karatu. Amma a wurare da dama koyon harshen Afirka zaɓi ne kawai, ba tilas ba. Nan ne ban yarda ba.

Dalilina yana Bahiya ta ƙasar Burazil. Bayan jihadin 1804 an kai fursunonin yaƙi masu yawa can a matsayin bayi, ciki har da Hausawa. Su ne suka shirya tawayen da aka tona asirinsa a 1807, suka sake tashi a 1814. A 1835 kuma aka yi babban tawayen da ake kira na Male, wanda Yarabawa Musulmi suka jagoranta. Ni Bayarabe ne, don haka kunnena ya gane kalmar tun kafin a fassara mini: daga "imale" take, wato Musulmi a harshenmu. A jikin waɗanda aka kashe an sami layu da takardu da rubutun Larabci. To, ɗalibin da bai san mene ne laya ba, bai taɓa ganin allo ba, yaya zai fahimci abin da mutanen nan suka dogara da shi? Sai dai ya karanta rahoton 'yan sandan da suka kama su.

Na san koyon harshe da wuya. Har yanzu karin sauti yana kayar da ni, kuma na sha wahala kafin na raba "ƙ" da "k". Amma wahalar shekara biyu ba ta kai a yafe wa mai neman digiri ba.

Mu ma a nan gida da sauran aiki. Ɗalibin Faransanci yana zuwa Badagiri ya zauna cikin harshen, na Larabci ma yana da ƙauyensa. Mu kuwa muna nazarin nahawu da waƙa da zube, amma da wuya ka ji an ambaci Bahiya a aji. Ina roƙon malamanmu su duba yiwuwar ƙara kwas ɗaya na tilas a aji uku kan Hausawan ƙetare, daga zangon Kumasi da Sudan har zuwa Burazil.