Na Leƙa Jangare a Kudancin Jidda

Kakarmu ta sha ba mu labarin Jangare, birnin aljanu mai gidaje goma sha biyu ƙarƙashin Sarkin Aljan Sulemanu, inda ake jin bugun guduma da kukan zakara amma ba a ganin kowa. Turawa ma ashe suna da nasu: wasu gajeru masu gemu da jar hula, waɗanda a tatsuniyarsu suke zaune a ƙarƙashin ƙasa suna ƙira suna gadin dukiya. Duk na ɗauke su zancen hira, sai daren da ɗan yayana, wanda yake tuƙin babbar mota a Jidda, ya ce, "Baffa, zo ka raka ni Sina'iyya na ɗauko kaya."

Sina'iyya ita ce unguwar masana'antu, a kudancin gari. Ta farko tun 1971 aka kafa ta, kuma daga baya aka ƙara wasu can gaba. Ni da na san Bompai da Sharaɗa da Chalawa a Kano, na zaci zan tarar da masu shayi a bakin ƙofa, da kurar ruwa, da rurin janareta. Ina! Titi ne miƙe sak, fitilu fari fat kamar an rataye wata ɗari, rumbuna na ƙarfe jere, kowanne zai haɗiye filin ƙwallon unguwarmu. Da na sauko daga sanyin mota, danshin Bahar Maliya ya lulluɓe ni kamar jiƙaƙƙen bargo, tabarauna ya yi hazo nan take. Zafin Kano busasshe ne, yana ƙona ka ya bar ka. Wannan kuwa dafa mutum yake yi, da dare fa.

Muka shiga wani rumbu inda ake ɗura ruwan lemo. Kwalabe na tafiya a layi bisa wani bel, ba mai tura su, suna tsayawa a cika su, a rufe, a liƙa musu takarda, su wuce suna ƙaras-ƙaras. Wani hannun ƙarfe, ba kafaɗa ba gangar jiki, yana sunkuyawa ya ɗebi katan ya jera, ya dawo, ba gajiya ba tsaki. Na tuna maƙerin layinmu da yaron da ke masa zuga har hannu ya sage. Na yi a'uziyya a hankali.

"Baffa, inji ne fa," in ji ɗan yayana, yana dariya.

"Na sani, ɗana. To ina masu gidan?"

Sai da aka tashi hutu suka fito, daga bayan injuna, daga ƙananan ƙofofi, daga saman tsani, da hulunan kwano masu launin rawaya. 'Yan Bangaladash, Fakistan, Indiya, Filifin, da wani Basudane dogo kamar giginya. Suna magana da wani Larabci gutsure-gutsure wanda ko malamin nahawunmu ba zai gane ba, amma su suna fahimtar juna sarai. Aka shimfiɗa kwali, aka yi sallah, sannan aka baje leda a ƙasa: ful, wato dafaffen wake mai man zaitun, da tamis, gurasa mai faɗin faifai, da shayi mai madara da ƙamshin citta.

Kaka ta ce wanda ya ci abincin Jangare ba ya komawa gida. Wani ɗan tsamurmurin dattijo mai jan gemu na lalle ya yago tamis ya miƙo mini. Na dubi ɗan yayana, na yi bismillah, na tsoma a cikin ful.