Jak, Weji da Reshen Darbejiya

A farkon shekarun 1980, duk gidan da ke da mota akwai yaron da dole ya san inda jak yake. A gidanmu ni aka ɗora wa wannan. Motar ta kawuna ce, Peugeot 504, irin waɗanda kamfanin PAN ya fara haɗawa a Kaduna a 1975, kuma hanyarmu ta kullum ita ce Kano zuwa Zariya, tun ba a mayar da ita tagwaye ba. Tayoyin lokacin masu tub ne. Ƙusa na shiga, iska ta gudu, sai ka ji mota na janka gefe guda.

Kawu ba ya taka birki da ƙarfi in haka ta faru. Sai ya riƙe sitiyari gam, ya ɗaga ƙafa daga totur, ya bar motar ta lafa da kanta. Kuma ba ya tsayawa a inda tayar ta sace. Ko a kan kwana ne ko a gangara, zai lallaɓa har ya samu shimfiɗaɗɗen wuri mai tauri, inda mai zuwa zai hango shi daga nesa. Na taɓa ce masa, "Kawu, ai tayar za ta lalace." Ya ce, "Ana sayar da taya a kasuwa, ɗan nan. Kai fa?"

Da an tsaya, kowa zai fita, mata da yara su koma can gindin bishiya. Ni kuma in karyo rassan darbejiya in jera su a bayan motar da ɗan nisa, in samo dutse in yi weji a tayar da ke ɗaya kusurwar. Shi ya riga ya ja birkin hannu, ya sa giya, ya tuɓe babbar riga ya ninke ta a kan kujera.

Abin da ya fi tsanantawa a kai shi ne a sassauta notuna tun taya na ƙasa, kafin jak ya ɗaga komai. In ka ɗaga mota sannan ka hau kokawa da noti, ko dai tayar ta yi ta juyawa, ko ka girgiza motar ta zame. Har yanzu ina ganinsa tsaye da ƙafa ɗaya a kan sifana, hannunsa a kan rufin mota, yana danna nauyinsa har notin ya yi ƙara ya saki. A cikin but ɗinsa akwai wani guntun katako da mai ya baƙanta, wanda yake sa wa jak a ƙasa don kada ya nutse cikin yashi. Notunan da aka kwance a murfin wili ake zuba su, domin wanda ya faɗa cikin rairayi ya tafi ke nan. Tayar da aka cire kuwa sai ya tura ta ƙarƙashin motar a kwance, ko da jak zai ci amana.

Ni dai ban san jak na da rauni ba sai da wata tirela ta wuce mu wajen Kwanar Dangora, iskarta ta kaɗa motar a kan jak kamar an taɓa kwano a kan faifai. Tun daga ranar na daina mamakin dokarsa ta cewa ba kai, ba ƙafa, ba hannu a ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita.

Sauran aikin ba wuya. A sa safaya, a ɗaura notuna da hannu, a sauke mota, sannan a matse su sosai, wannan sai wanda ke fuskantarsa. Sai a kwashe dutse da ganye daga kan titi. Kawu na jin haushin direbobin da ke barin wejinsu su tafi, don mai babur da dare ba ya ganinsa. Daga nan sai wurin mai faci na farko, ya tsoma tub a ruwa yana neman inda kumfa ke tashi.

Bayan an kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra a 1988, alama mai kusurwa uku ta zama abin da ake tambaya a hanya, kuma ta fi ganye, musamman da dare. Tayoyin yanzu marasa tub kan riƙe ƙusa su kai ka gari. Amma sauƙin ya sa mun yi sake. Sau da yawa ina ganin matashi tsaye a gefen titi da waya a kunne, motarsa rabi a kan kwalta, iyalinsa na zaune a ciki.

Don Allah, kafin ka kama hanyar gida hutun Sallah, buɗe but ka duba ko safayarka na da iska, ka gwada jak ɗin a ƙofar gida, ka kuma kira ɗanka ko 'yarka su tsaya su gani.