Daga Ƙaraye zuwa Rogo: Cinikin sola ba ya ƙarewa ranar da aka biya

A shekarar 1992 aka kammala madatsar ruwa ta Challawa da ke Ƙaramar Hukumar Ƙaraye, kuma gwamnatocin Kano sun sha alƙawarin samar da wutar lantarki daga ruwanta. Amma matafiyin da ya tashi daga Ƙaraye ya nufi Rogo a yau, wutar da zai fi gani a kan rufin kwano take: allon sola a saman shagon cajin waya, a kan kemis, a kan masallaci, da bakin rijiyar burtsatse. Tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 janareta ya zama abin tsoro. Duhun da ya rufe yawancin Arewa na kwanaki a watan Oktoban 2024, bayan lalacewar manyan layukan wuta, ya ƙara wa mutane yanke ƙauna daga wutar KEDCO.

Tambayar farko da ake yi wa mai haɗa sola ba ta sauyawa: "Injiniya, nawa za ka haɗa mini?" Mai gaskiya ba zai iya yanke kuɗi nan take ba. Sai ya tambaya: "Alhaji, me da me za a kunna? Awa nawa? Da rana ko da dare?" Mai saye kuwa sau da yawa gani yake ana yi masa kwana-kwana, domin maƙwabcinsa ya haɗa tasa a rabin kuɗin. Ba ya tuna cewa maƙwabcin ƙwai huɗu da fanka ɗaya yake kunnawa, shi kuwa firji yake so ya kwana yana sanyi. Ga kuma dala: kusan duk kayan daga waje ake shigo da su, galibi daga China, don haka farashin da aka faɗa a Sabon Gari a wannan makon ba lallai ya kai mako mai zuwa ba.

A wurin batir ake cutar mutane, kuma lissafin ba shi da wuya. Batirin ruwa mai bolt 12 da amfiya 200 yana ɗaukar wutar da za ta riƙe kayan wat 100 na awa 24, a takarda ke nan. A aikace rabinta kawai ake ci idan ana son ya yi ƙarko. Dutsen guga ɗaya na lantarki yana jan kimanin wat 1,000, wato cikin awa ɗaya da 'yan mintuna ya cinye rabon dare gaba ɗaya. Mai haɗawar da yake son karɓe ciniki ko ta halin ƙaƙa, sai ya rage allo, ya sa siririyar waya, ya kawo tsohon batir da aka goge. Ranar farko komai zai kama, a yi ta sa masa albarka. Bayan 'yan watanni inbata ta fara kuka tun kafin tsakar dare.

A nan nisan wuri yake shigowa. Rogo tana can bakin iyakar Kano da Kaduna da Katsina, kuma injiniyan da ya zo daga birni ba zai ƙona mai ya dawo don fiyus ɗaya ba. Saboda haka yawancin gyara ta waya ake yin sa: wace fitila ce take kunne, ja ko kore? Wace lamba ce a fuskar kwantirola da azahar? Yaushe rabon da a wanke allon? Wannan ta ƙarshe ita ce amsar matsaloli da yawa a lokacin hunturu, sa'ad da ƙura ke lulluɓe gilashin har wutar ta ragu, maigida ya ɗauka kayansa ne jabu. A watan Agusta hadari ne ke rage caji. A bazara zafi ne ke dafa batirin da aka kulle a ɗaki marar taga, ko wanda aka bari ruwansa ya ƙafe. Wasu kuma ruwan rijiya suke ƙara masa maimakon tataccen ruwan batir, abin da ke gaggauta mutuwarsa.

A ganina, mai saye a wannan yanki ya kamata ya rage jan ciniki a kan jimillar kuɗi, ya matsa a kan abu biyu. Na farko, a rubuta masa a takarda girman kowane allo, irin batirin da tsawon garantinsa. Na biyu, a faɗa masa wa zai zo idan ta lalace, kuma wa zai biya kuɗin mota. Injiniyan da ya ƙi sa hannu a kan wannan, arharsa ba ta da amfani.

Tun watan Yulin 2024 Masarautar Ƙaraye ta ƙunshi waɗannan ƙananan hukumomi biyu, Ƙaraye da Rogo. Da ita da shugabanninsu za su iya tara matasan da suka riga suka iya gyaran waya da haɗa wutar gida, a koya musu auna batir da duba kwantirola, a ba kowane mita ɗaya ta awon wuta. Manomin da famfon solarsa ya tsaya a tsakiyar noman rani ba zai iya jiran mota daga Kano ba, domin tumatir ba ya jure kwanaki babu ruwa.