Tsaki a Cikin Gari

Matan gidanmu ba su taɓa shiga silima ba. A Kano ta shekarun 1980, Plaza da Marhaba da El Dorado wuraren maza ne, macen da aka gani a bakin ƙofarsu kuwa sai ta sha surutu a unguwa. Don haka fim ɗin Indiya ne ya biyo su har tsakar gida, da farko ta tashar CTV 67, daga baya ta kaset ɗin bidiyo da wani kawunmu yake arowa. Babu mai jin Indiyanci a cikinsu, kuma lokacin ba a fara ɗora wa finafinan muryar Hausa ba. Ido kawai suke da shi. Ni kuwa ina yaro a gefen tabarma, a bakinsu na koyi kallon fim.

Gwaggo ce malamarmu. Mu yara faɗa muke jira, ita kuwa jaruma take bi da ido tun daga farko har ƙarshe. Ranar da aka kawo Mother India, fim ɗin Mehboob Khan na 1957, ta ce da mu: "Ku bar kallon bakinta, ai ba ji kuke ba. Ku dubi tafiyarta." Nargis ce ta fito a Radha, ta faro daga amarya ta kai tsohuwa tukuf, alhali ita kanta ba ta cika shekara talatin ba. Gwaggo ta nuna mana yadda takun yake sauyawa: na amarya mai sunkuyar da kai daban, na matar da mijinta ya rasa hannuwa ya bar gida ta koma jan garma da kanta daban, na tsohuwar da gari ke girmamawa daban. Da aka zo wurin da Radha ta ɗaga bindiga ga ɗanta Birju, don ya ɗauke 'yar mai ba da bashin nan Sukhilala, mu muna ta ihu, Gwaggo ta ce: "Kun ga fuskar ta daskare? Uwa ba ta iya yin wannan sai ta fara rufe zuciyarta." Bayan harbin ne fuskar ta narke, ta ruga ta rungume shi. Gwaggo ba ta san sunan Nargis ba har ta rasu, amma ban taɓa jin wanda ya karanta ta kamar yadda ta karanta ta ba.

Daga baya finafinan Hausa suka zo: Turmin Danya ya fito a 1990, Sangaya ya zo a 1999 ya buɗe kasuwa, kowane saurayi a Kano yana son a gan shi a lokeshan. Ni ma na shiga, sai dai ba gaban kamara ba. Na fara da riƙe sandar makirfo, daga baya aka ba ni littafin kwantiniti, ina rubuta wane ɗankwali aka ɗaura, kofi yana hannun dama ko hagu, ƙofa a buɗe take ko a rufe. Aikin ya tilasta mini kallon ƙananan abubuwa, kuma a nan na gane irin wuyar da 'yan wasa mata suke sha. Kamara ɗaya ce, janareta na kuka, furodusa na lissafin kuɗin da 'yan kasuwar Ƙofar Wambai za su saya. Sau da yawa babu cikakken rubutun magana. Darakta zai ce, "Mijinki zai shigo ya gaya miki kaza, ke kuma ki nuna ranki ya ɓaci," shi ke nan, sauran ya rage gare ta. Ga shi namiji ba ya taɓa mace a fim ɗinmu, ko da a labarin mijinta ne ko ɗanta, kuma bayan kafa Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano a 2001 abin ya ƙara tsauri. Abin da jarumar wata ƙasa za ta nuna da runguma ko riƙe hannu, tamu dole ta nemo shi a ido, da murya, da yadda take gyara mayafi.

Wata rana muna ɗaukar wani sin a wani gida da muka ara a cikin birni. Labarin da kowa ya sani ne: maigida zai sanar da uwargida cewa zai ƙara aure. Wadda ta fito a uwargidan ba ta cikin manyan sunaye, ba a sa hotonta a fosta, tana dai samun fitowa a matar aure ko yayar jaruma. Darakta ya tanadi man zafi da za a shafa mata a ƙarƙashin ido don hawaye ya zubo, ya kuma ce idan ta ji maganar ta miƙe tsaye, ta yi jifa da abin da ke hannunta.

Ta ce, "Darakta, don Allah a bar man nan tukuna. A ba ni rariya da gari, a gwada sau ɗaya yadda na gani. In bai yi maka ba sai mu yi naka."

Ya dubi rana, ya ce, "To Hajiya, sau ɗaya fa."

Matar gidan ta ara mana rariya da faranti da ƙwaryar garin masara. Ta zauna a kujerar tsugunno tana tankaɗe. Aka ce akshin. Maigida ya yi sallama, ta amsa ba tare da ta daina aiki ba, kamar yadda ake amsa wa wanda aka shekara ashirin ana amsa wa. Ya yi ta kewaye-kewaye, ya yabi haƙurinta, ya ambaci yara, sannan ya faɗi abin da ya kawo shi. Ina tsaye kusa, don haka na ga abin da ya faru. Hannunta bai tsaya ba, ya dai rage sauri. Ba ta ɗago kai ba. Ta ce, "Allah ya sanya alheri, Alhaji," da murya daidai, ba rawa ba kaushi. Ta tambaye shi yaushe ne, ya faɗa, ta ce, "Allah ya kai mu." Sai ta ɗaga rariyar, maimakon ta juye tsakin a ƙwaryar da ke gefe, ta juye shi a kan lallausan garin da ta gama tankaɗewa. Ta zuba wa farantin ido na ɗan lokaci. Sannan ta sa hannu ta ɗebo, ta sake tankaɗe daga farko.

Aka ce kot. Darakta ya ce sin ɗin ya yi sanyi, ba a ga kishi ba. Ba na ganin laifinsa sosai, mutumin da bai taɓa riƙe rariya ba ba lalle ne ya ga abin da aka yi ba, kuma shi yana tunanin 'yan kallon da suka saba da kuka da fashe-fashen kwanuka. Abin da ya ceci sin ɗin matar gidan ce. Tana tsaye a ƙofar ɗakin girki da 'yarta, sai muka ji ta ce, "Wayyo baiwar Allah, ta haɗa tsaki da gari." Muka waiwaya, tana share ido da gefen zani. Darakta ya yi shiru, ya ce a mayar masa ya gani. Duk da haka an sake ɗauka da man zafi da jifa, don a samu zaɓi. A ɗakin editin mun yi ta ja-in-ja, har aka tsaya a kan na farkon, sai dai an ɗora masa kiɗan fiyano mai ƙarfi wanda har yau nake jin ba ya bukata.

Da kaset ya fito na kai gida, ban ce komai ba, na zauna a baya. Maza biyu da ke wurin suna hira, ba su lura ba. Matan kuwa, tana juye rariyar suka yi salati a tare. Wata ta ce, "Ta mutu a tsaye." Wata ta ce, "Ai gara mai ihu, wannan ita ce abar tsoro." Suka shafe sauran daren suna gardama a kan ko za ta zauna lafiya da amarya, gardamar da tushenta duka motsin hannu ɗaya ne.

Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska, amma macen Bahaushe an rene ta ne a kan hana fuskar ba da labari. Kunya da kawaici da alkunya su ne tarbiyyarta. Saboda haka jarumar da za ta nuna ta da gaskiya aiki biyu ke gabanta a lokaci guda: ta ɓoye abin ga mutumin da ke cikin sin, ta bar mu 'yan kallo mu tsinto shi. Na ga wannan a wurin dattijan mata masu fitowa a uwa. Wata da na yi aiki da ita, an ce ɗanta na fari ya dawo daga tafiyar shekaru, darakta yana son ta tarye shi da murna. Ta ce ita ba ta taɓa ganin uwar da ta yi wa ɗan fari haka a gaban mutane ba. Da aka ɗauka, ya durƙusa yana gaishe ta, ta amsa a taƙaice tana kallon wani wuri, ta juya ga abokinsa tana tambayarsa hanya, ta ce a kawo wa baƙi ruwa. Sai da yaron ya miƙe ya juya baya sannan ta bi shi da ido tun daga kai har ƙafa, tana duba ko ya rame. Wanda bai tashi a cikinmu ba zai ce uwar ba ta damu ba ne.

Har masu fitowa a mugunta suna da irin wannan. Marigayiya Saratu Giɗaɗo, Daso, wadda ta rasu a watan Afrilun 2024, mutane sun fi tuna ta da masifa da zare ido. Ni abin da nake jira a wasanta shi ne ɗan lokacin da ke gaban masifar, sa'ad da take amsa gaisuwa tana jan ta, tana auna mutum da ido, har ka san yau akwai magana tun ba ta buɗe wuta ba. Ihu kowa zai iya. Sa ɗan kallo ya ji faɗuwar gaba tun ana "ina kwana" shi ne gwaninta.

Yanzu kayan aiki sun inganta, kamara tana iya matsowa har ta ɗauki motsin fatar ido, kuma shirye-shirye masu dogon zango irin su Daɗin Kowa na Arewa24 da Labarina na Aminu Saira sun ba 'yan wasa filin da fim ɗin kaset bai ba su ba. Lokacin da Nafisa Abdullahi take fitowa a Sumayya a Labarina, na fi son ta a wuraren da wani ne ke magana ita tana saurare, domin a nan ake gane wanda ya shiga labari da wanda ke jiran layinsa kawai. Haka Maryam Booth a The Milkmaid, fim ɗin Desmond Ovbiagele na 2020 da aka ɗauka a Taraba. Ta fito a Zainab, wadda 'yan tada ƙayar baya suka sace har ta rungumi aƙidarsu. Da 'yar'uwarta Aisha ta iske ta, abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne rashin ɗokin da ke fuskarta, kana neman yarinyar da aka sace a cikin idon kana rasa ta. Ta karɓi kyautar AMAA ta jaruma mai tallafawa a kan wannan rawar, kuma ta cancanta. Abin da ke ba ni takaici shi ne, idan aka zauna hirar 'yan fim mata, a majalisa ko a waya, zancen aure da saki da sutura ne ke cinye lokacin. Da wuya ka ji an ce wance ta yi kyakkyawan shiru a sin kaza, alhali matan da ke kallo a gida suna gani, kuma suna faɗa a tsakaninsu.

Mai rariyar nan ta daɗe da barin fim. Na haɗu da ita bayan shekaru a wurin wani ɗaurin aure, mata na fitowa daga cikin gida, muka gaisa a bakin zaure. Na tuna mata da sin ɗin, na tambaye ta abin da na daɗe ina son tambaya, ko tun a gida ta shirya shi ko a take ya zo mata.

Ta ce, "Malam, ai ba ni na ƙirƙira ba. Innarmu na gani. Ina 'yar yarinya ina zaune kusa da ita Baba ya shigo ya gaya mata. Bambancin kawai ita ba ta sake tankaɗewa ba, haka ta tuƙa shi. Ranar da tsaki muka ci tuwo, har Baba, kuma babu wanda ya ce uffan."